Koyar da Dabarun Nazarin Mu'amalar Mutum da Kwamfuta: Tsakanin Ɗalibin Jami'a da Mutumin Fakku

1.0 GABATARWA

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, na'ura take ta kutsawa cikin al'amuran da a da mutane suke ƙullawa baki da baki. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba wa manoma takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya bisa kwamfuta, kuma a cikin shekarar ce Hukumar Zaɓe ta fito da na'urar tantance masu jefa ƙuri'a. Sa'an nan a farkon 2023 canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har ya zamana wanda ya kai gero ko akuya kasuwa, ko dai ya karɓi kuɗinsa ta waya, ko kuwa ya koma gida da kayansa. Ke nan taki da karatu da ƙuri'a da ciniki duk sun koma bayan wani ɗan allo mai haske. Wanda ya iya magana da allon ya samu rabonsa, wanda ya kasa kuwa sai ya nemi mai yi masa, in bai samu ba ya yi asara.

Akwai wani fannin ilmi da ya keɓanta da wannan magana da ke gudana tsakanin mutum da allo, shi ne ake kira nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana muhimman dabarun fannin, da yadda ya kamata a koyar da su ga ɗaliban jami'a a ƙasar Hausa. Hujjar da maƙalar za ta tsaya a kai guda ɗaya ce, watau cewa waɗannan dabaru ba sa koyuwa a cikin aji kawai, domin jigonsu shi ne zuwa wurin mai amfani da na'ura da saurarensa cikin harshensa. Saboda haka ɗalibin Hausa yana da babban rabo a cikin aikin. An ɗauki garin Fakku, a kudancin Jihar Sakkwato, a matsayin ma'auni.

2.0 MA'ANAR FANNIN DA ASALINSA

Abin da ake nufi da kwamfuta a nan ya haɗa da duk wata na'ura mai karɓar umurni ta ba da amsa, kamar wayar hannu da na'urar cirar kuɗi ta banki da na'urar POS da ta tantance masu zaɓe. Kowace daga cikinsu tana da ciki, tana kuma da fuska. Cikin shi ne inda lissafi yake gudana, ba mai ganinsa sai injiniya. Fuskar kuwa ita ce allo da madannai da kalmomi da hotuna da sauti, watau iyakar abin da mutum yake gani ko yake taɓawa. Wannan fanni da fuskar ya damu. Tambayoyinsa su ne: shin mutum ya gane abin da na'ura take nema a gare shi? Ya iya gaya mata abin da yake so? In ya yi kuskure, ya ga hanyar komawa?

Wani hatsari da ya auku a Amurka a watan Maris na 1979 ya nuna nauyin waɗannan tambayoyi. A tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar bawul ɗin a rufe yake, alhali abin da take nunawa a haƙiƙa shi ne an aika masa umurnin rufewa. Ma'aikatan ƙwararru ne, amma sun shafe fiye da sa'a biyu suna aiki bisa abin da fitila ta gaya musu. Duk wanda ya taɓa ganin waya ta rubuta "an tura", sa'an nan mai kaya ya rantse kuɗi bai shigo ba, ya san irin wannan fitila.

A shekarar 1983 wasu masana uku, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, suka wallafa littafin da ya yayata sunan fannin, inda suka haɗa ilmin halayyar ɗan Adam da na kwamfuta. Sun yi gini ne bisa binciken magabata. Paul Fitts ya nuna tun 1954 cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya sami abin da ya nufa ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. George Miller kuma a 1956 ya bayyana cewa abin da mutum yake iya riƙewa a ka a lokaci guda bai cika wuce guda bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. In aka tuna cewa lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma 10 ce, lambar waya 11, lambar BVN 11, ta katin ɗan ƙasa ma 11, za a ga dalilin da ya sa ake ganin dattawa da ƙunshin 'yan takardu a aljihu.

A 1988 Donald Norman ya fito da ƙa'idar da ta zama ginshiƙin fannin: idan mutane masu hankali suna ta maimaita kuskure iri ɗaya a kan na'ura, to laifin na wanda ya tsara ta ne. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar shiga kan ɗalibi, domin tun yana ƙarami ya saba jin ana cewa wane "bai waye ba".

3.0 WA AKE YI WA AIKIN?

Fakku gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe, maƙwabciyar Tambuwal, ƙasar manoma da makiyaya. Dalilin ɗaukarsa ma'auni shi ne, fuskar kwamfuta kamar yadda aka san ta a yau an ƙera ta ne domin wani mutum dabam. Kamfanin Xerox ya fito da kwamfutarsa mai suna Star a 1981, Apple kuma ya biyo da Macintosh a 1984, dukansu sun kwaikwayi teburin ma'aikacin ofis ne: ga fayil, ga ambulan, ga kwandon zuba takardu. Hikimar ita ce akawu ya ga abin da ya saba da shi. To amma manomin da bai taɓa zama a ofis ba, hoton fayil bai tuna masa kome ba. Abin da aka yi domin sauƙaƙawa ya zame masa wani sabon karatu.

Akwai abubuwa huɗu da ɗalibi zai tarar a irin waɗannan garuruwa, waɗanda littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika tanadar masa ba.

Na farko, karatu iri biyu ne. Mutum yana iya kasa karanta boko alhali ya sauke Alƙur'ani, yana kuma rubuta wasiƙa da ajami. A ƙasar da Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar ɗimbin rubuce-rubuce, kiran irin wannan mutum jahili kuskure ne na bincike, ban da rashin ladabi. Takardun Naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da ajami, amma da wuya a sami na'urar banki da take magana da shi.

Na biyu, sau da yawa mai waya ba shi ne mai danna ta ba. Tsohuwa tana da asusu, amma jikanta ne yake karanta mata saƙo. Magidanci yakan miƙa katinsa ga mai POS, wani lokaci har ya faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a. Wanda ya tsara na'urar ya ɗauka mutum ɗaya ne a gabanta, ga shi kuwa mutum biyu ne ko uku, kuma amana ce take riƙe da su.

Na uku, jiki da muhalli. Yatsan da ya shekara talatin yana riƙe da fartanya ya yi kanta, zanensa ya sha gugar aiki, ga faɗi. Ƙaramin madanni yakan kuɓuce masa, na'urar ɗaukar zanen yatsa kuma takan ƙi shi. Ba ma manomi kaɗai ba, ranar 28 ga Maris 2015 na'urar tantancewa ta yi ta ƙin Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke. Ga kuma hasken rana da yake dusashe allo, ga ƙurar hunturu, ga caji da sai an biya.

Na huɗu, sabis ba shi da tabbas. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ko a lokacin lafiya ma, layi yakan yanke a tsakiyar aiki, ya bar mutum bai san ko kuɗinsa ya fita ko bai fita ba.

Ɗalibin da bai ga waɗannan abubuwa da idonsa ba, duk manhajar da ya tsara kansa ya tsara wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.0 DABARUN DA HANYAR KOYAR DA SU

4.1 Lura da Tattaunawa a Wurin Aiki

Dabara ta farko ita ce ɗalibi ya je inda ake amfani da na'ura, ya zauna, ya kalla, ya yi tambaya. Lucy Suchman, wata masaniyar al'adu da ta yi aiki a cibiyar binciken Xerox, ta ɗauki hoton bidiyo na wasu manyan masana kwamfuta suna fama da injin kwafar takardu. A littafinta na 1987 ta nuna cewa mutane ba sa bin umurni daki-daki kamar yadda injiniya yake zato, suna duban halin da suke ciki ne su yi dabara. Daga baya Hugh Beyer da Karen Holtzblatt suka tsara hanyar a 1998, suka ce mai bincike ya ɗauki kansa kamar yaron sana'a a gaban maigidansa.

Wannan kwatanci ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗan maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a ba shi masaba. Haka ya kamata malami ya tura ɗalibai biyu-biyu su wuni a rumfar mai POS ranar kasuwa, ba tare da takardar tambayoyi mai "i" ko "a'a" ba. Abin da za su rubuta shi ne: wa ya zo, me ya ce, wa ya danna, a ina aka tsaya, me aka yi da layi ya yanke. In an tashi tambaya, a guji cewa "Kana samun matsala da waya?" domin amsar ita ce "Lafiya lau." A maimakon haka a ce, "Baba, ran da ka karɓi kuɗi na ƙarshe, yaya aka yi?" Tambayar labari takan buɗe baki, tambayar ra'ayi takan rufe shi.

Ladubban shiga gari suna cikin darasin. A fara da gaisuwar uban ƙasa da mai gari, a bayyana manufa, a nemi izinin kowane mutum kafin a ɗauki muryarsa ko hotonsa. Kada ɗalibi ya kalli lambar sirrin kowa, balle ya rubuta ta. Cikin gida kuwa sai ɗalibai mata, domin in babu su rabin garin ya fita daga binciken.

4.2 Zayyana a Takarda

Bayan an dawo, sai ɗalibai su zana fuskar da suke ganin za ta dace a kan kwali, kowane allo da takardarsa, kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhaja. Ɗalibi ɗaya ya zama shi ne "na'urar": in mutum ya taɓa hoton madanni da yatsa, sai ya ɗauke takardar ya aza ta gaba. Amfanin wannan hanya uku ne. Ba ta buƙatar lantarki ko kuɗi. Ana iya gyara ta nan take da fensir. Mafi muhimmanci kuma, mutum ba ya jin nauyin kushe zanen kwali kamar yadda yake jin nauyin kushe abin da ya ga an ɓata wata uku ana yi. Shi ma ɗalibin ba ya ƙwallafa rai a kan takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne ya dace a kawo wa ɗalibai aikin Indrani Medhi da abokan aikinta a birnin Bangalo na Indiya a wajajen 2006, waɗanda suka tsara fuskar kwamfuta marar rubutu domin mata masu aikatau. Sun gano cewa zanen hannu mai sauƙi, haɗe da murya mai bayani cikin harshen mutum, ya fi ƙananan alamomin nan na ofis saurin ganuwa. Ba a ce a kwafo hotunansu ba. Darasin shi ne kowane hoto sai an gwada shi a inda za a yi amfani da shi.

4.3 Gwaji da Masu Amfani

Wannan ita ce uwar dabarun. A ba mutum wani aiki takamaimai, alal misali, "Tura wa ɗanka Naira dubu biyu," sa'an nan a yi shiru a kalla. Ɗalibi ɗaya yana jagora, ɗaya yana rubuta inda aka tsaya da inda aka ɓace da tsawon lokacin da aka ɗauka. Abin da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne riƙe hannunsu. Da zarar sun ga dattijo ya rikice, tarbiyya takan sa su miƙa hannu su danna masa, da haka kuwa sun shafe abin da suka zo gani. Wajibi ne malami ya sa su yi ta gwada wannan a junansu kafin su fita.

Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun nuna a 1993 cewa mutane kaɗan sun isa su fallasa yawancin matsaloli, har Nielsen ya yi fice da cewa mutum biyar sukan gano kimanin kashi 85 cikin ɗari. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne in mutanen iri ɗaya ne. A Fakku, ɗan sakandare da matar aure da Bafulatanin ruga da malamin zaure ba iri ɗaya ba ne, saboda haka kowane rukuni a nemi biyar ɗinsa.

Akwai kuma wata hanya da Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana a 1982, wadda ake roƙon mutum ya riƙa faɗar abin da yake tunani da ƙarfi yayin da yake aiki. Wannan hanya tana cin karo da al'ada ta fuska biyu. Magana shi kaɗai a gaban baƙi ba halin mai natsuwa ba ne a idon Bahaushe. Sa'an nan kara da alkunya ba za su bar mai masauki ya aibata kayan baƙonsa ba, sai dai ya ce "Madalla, abu ya yi kyau," ko da bai gane kome ba. Maganin shi ne a zaunar da mutum biyu sa'o'in juna, aminai ko maƙwabta, a ba su waya ɗaya. Nan da nan za a ji ɗaya yana cewa "Danna nan," ɗayan yana cewa "A'a, wannan shi ka cinye kuɗɗi." A cikin gardamarsu tunaninsu yake fitowa. Tun farko kuma a gaya musu cewa na'urar ake jarrabawa, su alƙalai ne.

4.4 Duban Masana

Dabara ta huɗu ita kaɗai ce ake iya yi a cikin aji. A 1994 Nielsen ya jera ƙa'idoji goma da ake auna fuskar na'ura da su. Daga ciki akwai cewa na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta yi magana da kalmomin da ya sani, ta ba shi ƙofar fita in ya shiga inda bai nufa ba, ta kuma hana kuskure tun kafin ya auku. Ɗalibai suna iya ɗaukar tsarin tura kuɗi na danna tauraro da lambobi su bi shi allo-allo da waɗannan ƙa'idoji. Za su ga, misali, cewa nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi yana hana kuskure, amma ga mai iya karanta sunan kawai, kuma ƙayyadadden lokacin da aka ba mutum yakan ƙare kafin mai karatu a hankali ya gama layi biyu. Wannan dabara tana da arha, haɗarinta kuwa shi ne ɗalibi ya wadatu da ita. Ya kamata a koyar da ita bayan an dawo daga fili, domin a lokacin ne ƙa'idojin suke da fuskokin mutane a bayansu.

5.0 RABON ƊALIBIN HAUSA

Manhajoji sun daɗe da fara magana da Hausa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016. Amma sa Hausa a kan allo abu ne dabam, sa Hausar da za a gane kuma abu ne dabam. Ga wurare huɗu da ba mai iya warware su sai wanda ya nazarci harshen.

Zaɓen kalma. Madannin janyewa daga aiki, me za a rubuta a kansa? "Soke" tana da ma'anar kashe magana, tana kuma da ta suka da mashi. "Fasa" ta fi kusa da bakin mutane, amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, saboda haka fasa tafiya da fasa tulu kamanninsu ɗaya a takarda. "Koma baya" ta fi tsawo, amma wataƙila ta fi tsira. Haka "asusu" da "akawun": ɗaya ta rediyo ce, ɗaya ta kasuwa. Masana sun yi aikin ƙirƙirar kalmomi, kamar ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da aka buga a 1990 bisa editancin Ɗalhatu Muhammad, amma wancan domin malamai da ɗalibai aka yi shi. Kalmar madanni kuwa ba a zartar da ita a taron masana, sai an kai ta gaban mutum biyar an ga wadda yatsa ya nufa.

Baƙaƙe masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, amma ƙananan wayoyi masu madannai ba su tanade su ba, masu rubutu da yawa kuma sun saba da barinsu. A hira wannan ba ya kashe kowa. A saƙon kuɗi kuwa, "an bata kudin" tana iya zama an ba ta kuɗin, tana iya zama an ɓata kuɗin, kuma tsakanin biyun akwai zaman lafiyar gida.

Karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi bisa Kananci. Mutumin ƙasar Sakkwato yana cewa "mi" da "wanga" da "munka tahi" da "kuɗɗi". In rubutu ne, wanda ya yi makaranta ya saba da daidaitacciya. Amma in murya ce, musamman na'urar da ake so ta saurari mutum ta gane shi, to wadda aka horar da muryoyin Kano da na 'yan jarida za ta yi tuntuɓe a Kebbe. Tattara muryoyin Sakkwatanci da rubuta su daidai aikin mai ilmin karin harshe ne.

Ƙidayar kuɗi da suna. Naira ta maye gurbin fam a 1973, fam ɗaya ya zama Naira biyu, amma har yanzu akwai dattawan da in sun ce "jikka" Naira 200 suke nufi. A ƙetaren iyaka kuwa, a Ƙonni da Maraɗi, dala ita ce sefa 5, jikka kuma sefa 1000. Na'urar da ta ji "jikka biyar" dole ta san bakin wa ta fito. Haka zancen suna: fam ɗin kwamfuta yana neman "sunan iyali", alhali Bahaushe yana amfani da sunan mahaifi ko na gari, kamar yadda aka san Shehu Shagari da Aminu Waziri Tambuwal. Ga Muhammad da Muhammadu da Mohammed, mutum ɗaya a takardu uku. Tun da JAMB ta wajabta lambar katin ɗan ƙasa a 2021, irin wannan saɓani yana iya tsayar da rajistar ɗalibi.

Ban da waɗannan, ɗalibin Hausa ya riga ya iya rabin dabara ta farko. Wanda aka tura ƙauye ya tattaro tatsuniyoyi ko kirarin maharba ya san yadda ake gaida tsoho, da yadda ake jira, da yadda ake mayar da magana rubutu ba tare da an gyara wa mai ita baki ba.

6.0 TSARIN DARASI DA AUNA ƊALIBI

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, tana da masu nazarin kwamfuta, tana da Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya, ga kuma Cibiyar Nazarin Hausa. Haka abin yake a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, inda fannonin biyu suke zaune a haraba ɗaya. Abin da ake shawarta shi ne darasi na zango ɗaya wanda sassan biyu za su yi tarayya a kansa, kowace ƙungiya ta ƙunshi ɗalibai huɗu, biyu daga kowane sashe, da mace aƙalla ɗaya. Makonni uku na farko a yi su a aji, a kan tarihi da ƙa'idoji da ladubban bincike. Sa'an nan a fita lura, a dawo a yi zane, a koma gwaji, a gyara, a sake komawa. A kauce wa tsakiyar damina lokacin da gari yake gona, a kuma nemi shawarar hukuma game da lafiyar hanya. In zuwa Fakku bai yiwu ba, tashar mota da kasuwar hatsi da harabar asibiti a cikin birni cike suke da mutanen karkara.

Wajen ba da maki, kada a duba kyan zane. A duba bambancin da ke tsakanin gwaji na farko da na biyu: mutum nawa suka kammala aikin da farko, nawa suka kammala bayan gyara, kuma wace magana ce ta wani mai amfani ta sa aka sauya wani abu. Ƙungiyar da ta dawo ta ce ba ta sami matsala ko ɗaya ba, ita ce ta fi buƙatar a sake tura ta.

Kada kuma a ɗauka mutumin karkara ba ya koyo. A Jamhuriyar Nijar, a shekarun 2009 da 2010, an gudanar da wani shirin yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka nazarta. Ƙauyukan da aka haɗa musu karatu da koyon amfani da wayar hannu sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Mutum yana matsowa wajen na'ura in an buɗe masa hanya, abin da ake nema shi ne ita ma ta matso.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa fannin mu'amalar mutum da kwamfuta ya tsiro ne daga fahimtar cewa kuskuren da ake ɗora wa mutum sau da yawa na fuskar na'ura ne. An kuma bi dabarunsa huɗu, watau lura da zayyana da gwaji da duban masana, aka nuna cewa uku daga ciki ba sa yiwuwa sai a gaban mai amfani, kuma kowaccensu tana buƙatar gyara kafin ta zauna da al'adar Bahaushe. Ɗaliban da ke jami'a a yau su ne za su tsara allon da za a nemi taki da magani da fansho ta kansa nan gaba. In an yaye su ba su taɓa zama sun kalli yatsan manomi yana neman madanni ba, za su ci gaba da ƙera ƙofofin da iyayensu ba za su iya buɗewa ba. Ya rage ga sassan Hausa su nemi wurinsu a wannan aiki tun ana shata harsashi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.